Giyar Beljiyam da galan ɗaya na mai: nazarin matsalar wata Camry a ƙasar Gumel

Motar Toyota Camry ce ƙirar 2003, mai silinda huɗu, irin wadda dillalan mota ke kira Big Daddy. Mai ita dillalin shanu ne a wani ƙauye da ke gefen hanyar Gumel zuwa Maigatari, kuma aikinta sananne ne: duk Alhamis sai ta ci kasuwar Maigatari, sauran ranaku tana tsakanin rugage da gonaki, a hanyoyin da rabinsu rairayi ne. Giyarta ta asali, mai canja kanta, a hankali ta mutu. Idan motar ta kafe a yashi, direban kan yi ta jefa ta D ya dawo da ita R, ƙafarsa a kan totur, har sai ta fita, kuma ba abin da ke dafa man giya kamar haka. Da bazara ta kankama sai ta fara sulɓewa, daga baya ta daina ja ɗungurungum. Man da aka tsiyaye daga cikinta baƙi ƙirin ne, yana ƙauri.

Aka yanke shawarar a sauke ta a ɗora wata. Bakaniken ƙauyen da ƙanin Alhajin mai motar suka shiga Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, suka sayo giyar Beljiyam haɗe da kwanbatarta, wato kewayayyen ƙarfen da ke tsakanin inji da giya. Mai shagon ya ba su garanti na baki, mako guda: in ba ta yi ba a dawo da ita a canja, muddin ba a buɗe ta ba kuma ba a ƙona ta ba. A kan wannan sharaɗi na biyu aka kusa ɓatawa.

Bakaniken ba ɗan koyo ba ne. Hannunsa ya faɗa a kan a-kori-kura da Golf masu kuloci da injinan ban-ruwa, kuma ɗora giyar kansa ya yi shi yadda ya kamata. Ya tabbatar kwanbata ta shige ta zauna daram a kan famfo kafin ya haɗa giya da inji, wanda in ba ta zauna ba, ɗaure notuna kaɗai ya isa ya fasa famfon. Wayoyi duk suna gurbinsu, tiyo biyun da ke tafiya lagireto a ɗaure tamau. Ranar Laraba da almuru aka gama. Yaron gareji ya kafa mazurari a bakin bututun geji, wato sandar awon mai, ya juye galan ɗaya mai lita 4, ya tsoma geji ya zaro, inji a kashe, ba a ko taɓa tada shi ba tun da aka ɗora giyar. Mai ya haura alamar HOT da kusan tsawon ɗan yatsa.

"Oga, ya ma yi yawa," in ji yaron.

"Bar shi, zai sauka."

Gaskiya ya faɗa, zai sauka. Sai dai ba wanda ya koma ya duba inda ya sauka ya tsaya. Aka tada mota, aka sa D ta ja, aka sa R ta ja, aka zaga da ita bayan masallaci aka dawo. Ana kiran magariba, Alhaji na tsaye da buta a hannu yana jira don gobe kasuwa, aka miƙa masa makulli.

Abin da direba ya ji ranar Alhamis

Da asuba, da ya sa D, sai da ya ƙirga uku ko huɗu kafin motar ta karɓa, kuma da fizga ta karɓa. Akwai wani siririn kuka daga ɓangaren giya, mai tashi idan an taka totur ya sauka idan an saki. A miƙaƙƙiyar kwalta ba laifi. Amma da zarar ya sha kwana da ɗan gudu, ko ya taka birki da ƙarfi a shingen jami'an tsaro ya zo tashi, sai ƙarar inji ta hau sama motar ba ta tafiya, daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ta cafke. Ya kuma faɗi wani abu da ba wanda ya ba muhimmanci a lokacin: da yamma a hanyar dawowa, mota ta yi zafi sosai, abin ya ɗan yi sauƙi.

Ranar Juma'a da safe Alhaji ya buɗe bonet da kansa a ƙofar gida. Inji a kashe, motar ta kwana a tsaye, ƙofar gidan kuma gangare ce. Ya zaro geji ya ga mai ya kai alama. Shi ke nan, ya yanke hukunci: mai a cike yake, giyar ce ruɓaɓɓiya aka sayar musu. Ya kira mai shago a waya, aka ɗan ɗaga murya. Mai shago ya ce a kawo, amma in ya sunsuna ya ji ƙauri, ba ruwansa. Bakanike ya shirya sauke giya ranar Asabar, aikin yini guda da kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, ga makon garanti yana ƙarewa.

Ƙanin Alhajin ne ya ce a dakata a nemi wanda ya saba da irin waɗannan motoci ya duba tukuna. Haka na shigo maganar, ranar Asabar da hantsi, na tarar an riga an kafa jak.

Na ce da bakaniken, "Malam, kafin ka kwance noti ɗaya, lita nawa ta sha?"

"Galan guda, kamar kullum."

Ina man ya shiga

Galan guda daidai ne ga aikin da ya saba, wato canjin mai. A wannan Camry, mai giyar da Toyota ke kira U241E, in ka kwance notin ƙasa ka tsiyaye, abin da zai fito wajen lita 3 da rabi ne, don haka galan ɗaya ya isa har da ragowa. Amma abin da ke fitowa ta notin ƙasa bai kai rabin man da ke cikin giyar ba. In giya a bushe take ƙaf, cikinta na ɗaukar wajen lita 8. Sauran yana cikin kwanbata, wannan kewayayyen ƙarfe mai rami da ke tsakanin inji da giya, da cikin gidan bawul, da bayan kowane fistin da ke matse faiba (faya-fayan da ke kama giya), da tiyo biyu, da ɗan sashen sanyaya mai da ke ƙasan lagireto. Duk waɗannan wurare ba sa cika sai inji ya tashi famfo ya tura musu.

To, giyar Beljiyam ba cike take zuwa ba, ba kuma a bushe ba. Kan a loda ta a kwantena an tsiyaye kaskon, a hanya ta kwanta ta wannan gefe ta kwanta ta wancan, wani man ya zube ta ramin shaf, wani ya maƙale a kwanbata. Ba wanda zai iya faɗa maka nawa ya rage a ciki, har mai shagon. Shi ya sa a sabuwar ɗorawa adadin da ke cikin littafi ba ya yanke magana. Yana nuna maka inda za ka fara ne kawai, geji ne zai faɗi inda za ka tsaya.

Awon ranar Laraba, abin da ya auna shi ne lita 4 da ke kwance a kasko ba su tafi ko'ina ba. Dole ya haura HOT. Minti ɗaya bayan an tada inji, kaso mai yawa na wannan man ya bar kaskon ya shige wuraren da na lissafa. Awon ranar Juma'a kuma ya haɗa abubuwa uku da kowannensu ke ɓata karatu: inji a kashe, motar ta kwana wani man ya gangaro ya koma kasko, ga ta kuma a gangare, man ya taru gefe ɗaya. Duka biyun ba ƙarya geji ya yi ba. Tambayar da aka yi masa ce ba ita ba.

Alamomin da direba ya faɗa kuwa, duk wanda ya yi noman rani ya san su. Injin ban-ruwa in bakin tiyonsa ya ɗago daga ruwa, iska yake zuƙa: kukansa ya canja, ruwa ya dinga fitowa yana yankewa. Famfon giya ta rariyar da ke nutse a kasko yake zuƙo mai. In man ya yi ƙasa, a miƙaƙƙiyar hanya bakin rariyar na nan a nutse da ƙyar, amma a kwana ko a birki sai man ya kwarara gefe, baki ya fito fili, famfo ya haɗiyi iska. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake iya danne faiba. Iska kuwa tana matsuwa, sai ƙarfin ya faɗi, faiba ta saki, inji ya yi ta ƙara a banza. Kowace irin wannan sulɓewa tana cin fuskar faiba tana ƙara wa mai zafi, kuma in aka ci gaba da haka, giya lafiyayya kan ƙone cikin 'yan kwanaki.

Maganar sauƙin da aka samu da yamma ita ce ta fi ƙarfafa mini gwiwa. Man giya na kumbura in ya yi zafi, matakinsa ya ɗan hau, bakin rariya ya ƙara nutsewa. Giyar da faibarta ta cinye yawanci akasin haka take yi, zafi ƙara mata sulɓi yake don man ya tsinke. Wannan ba hujja ce yankakkiya ba, amma ta isa a sauke jak a fara da abu mai arha.

Awon da aka yi

Farko sai wuri. Garejin ƙarƙashin darbejiya yake, ƙasarsa tudu da kwari, ga ramukan da tayoyi suka haƙa. Wuri mafi daidaito a kusa shi ne simintin gaban wani ɗan gidan mai a bakin titi, don haka muka lallaɓa da motar can a hankali. Yaron ya ɗora kwanon ruwa a kan dokin ƙofar motar, muka duba ruwan ya kwanta daidai da bakin kwanon ta kowane gefe. Aka ja birkin hannu, aka sa dutse gaba da bayan taya. Na sa direba ya naɗe hannun rigarsa, Alhaji kuma ya ja da baya da babbar rigarsa, don za a yi aikin ne inji na tafiya, fanka na iya tashi ba sallama, ga bakin salansa a gaban injin nan da zafin da ke ɗaye fata.

Aka tada inji aka bar shi a silo. Direba ya danne birki ya bi da sandar giya ɗaya bayan ɗaya, P, R, N, D, 2, L, yana ɗan tsayawa a kowanne, sannan ya dawo da ita P. Amfanin wannan shi ne kowace hanya ta mai ta cika, kada wata ta rage da za ta sha daga baya. Na goge bakin bututun kafin na zaro geji, don ƙurar da ke zagaye da shi in ta faɗa ciki, gidan bawul za ta nufa. Na goge sandar da farin tsumma marar gashi, na mayar har sai da ta zauna maƙallinta ya kama, na sake zarowa na riƙe ta a kwance.

Ɗigo ɗaya ne a can ƙarshen bakinta. Bai ko kai alamar COOL ta ƙasa ba. A cikin ɗigon akwai 'yan ƙananan kumfa, sai ka karkata shi ga rana za ka gan su. Na miƙa wa bakaniken ba tare da na ce komai ba. Ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Ikon Allah. Jiya fa Alhaji ya ga ya kai."

A nan akwai wani mataki da ake yawan tsallakewa. Awo na gaskiya sai mai ya yi zafi, digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Salsiyos kamar yadda Toyota ta tsara, kuma hanyar kai shi can ita ce a yi tafiyar wajen kilomita 15. Amma ba a fita da motar da gejinta ke bushe don a ɗumama ta, ƙara mata rauni ne. Aikin alamar COOL ke nan: a kawo mai cikinta tukuna don a samu na tafiya. Ba a sallamar mota da ita. A ƙasarmu ma sai an ƙara yin hattara, don an yanka alamar ne a kan mai mai ɗumin digiri 20 zuwa 30, mu kuwa a watan Afrilu inuwa kanta kan wuce 40. Motar da ke tsaye a rana a Gumel manta bai taɓa yin sanyin da masu gejin ke nufi ba.

A jikin gejin an buga nau'in man da giyar ke so, T-IV. Galan ɗin da aka zuba ranar Laraba shi ne, wannan kam an dace. Na sa aka kawo wani a rufe da hatiminsa, na hana na kwalba da ake aunawa a bakin titi, don jan launi ba ya nuna komai, rini ne, kowa na iya zubawa. Aka wanke mazurari aka goge.

Yaron ya ɗaga galan zai juye. Na riƙe hannunsa.

"Oga, ai da sauran wuri da yawa."

Da sauran wuri, amma ba mu san nawa ba, kuma zubawa ta fi kwashewa sauƙi. Mai in ya wuce kima, ƙarafan da ke juyawa a ciki sukan tsoma a cikinsa su yi ta bugunsa har ya yi kumfa. Kumfa iska ce, don haka an koma gidan jiya: ƙarfi ya faɗi, faiba ta sulɓe, zafi ya ƙaru, man ya yi ambaliya ta kafar numfashin giya ya zubo a jikinta, wani lokaci har kan salansa. Tazarar da ke tsakanin alamar ƙasa da ta sama a HOT ba ta da yawa, a galibin motoci ba ta wuce rabin lita ba. Mutum na iya tsallake ta da karkata galan sau ɗaya.

Muka yanka gorar ruwa muka yi mata alamar rabin lita, da ita muka dinga aunawa. Bayan kowace zubawa sai a jira minti biyu ko uku. Dalili shi ne ta bututun da ake zuba man ta nan geji ke bi, in ka tsoma nan take sai ya shafo wanda ke gangarowa a bango, ka ga sanda jiƙe har sama ka ɗauka ya cika. Ana gane shafe da cewa gefe ɗaya yake kamawa, ko ya yi zane-zane da busassun wurare a tsakani. Matakin gaskiya layi ne a yanke, sandar jiƙe sharkaf daga shi zuwa ƙasa ta fuska biyu. In fuskokin sun saɓa, ta ƙasan ake ɗauka. Sabon mai kuma garau yake, da wuyar gani a kan ƙarfe. In ka kwantar da sandar a kan farin tsumma, jan da ya bari zai nuna maka inda ya tsaya.

Da lita ɗaya ta shiga, mai ya hau cikin COOL, siririn kukan nan ya ɗauke. Direba ne ya fara lura, ya leƙo ta taga yana murmushi. Muka hau kwalta, ba gudu ba lodi, muka bar ta ta bi giyoyinta huɗu sama da ƙasa, muka juyo muka dawo kan simintin nan, daidai inda ta tsaya da farko. Ba a kashe inji ba. Aka sake bin P zuwa L a dawo P. Yanzu gejin ba ya riƙuwa ta ƙasa don zafi, man kuma ya tsaya ƙasa da alamar HOT ta farko. Sai muka koma rubu'in lita. Sau biyu, ya zauna tsakanin alamomin biyu, ya ɗan fi kusa da ta sama. A nan muka tsaya. Jimilla lita ɗaya da rabi motar ta yi kasuwar Maigatari babu su.

Wani abin lura ga mai son yin wannan awo da kansa: zafin ma yana da iyaka. In mota ta fito daga doguwar tafiya da gudu, ko ta sha fama a yashi da tsakar rana, manta ya wuce digiri 80, ya kumbura fiye da kima, geji zai nuna ya fi yadda yake. Sai a ba ta kamar rabin awa ta huce. Na kuma gwada tsawon tsohon geji da wanda ya zo da giyar, don akan samu giya ta zo da bututunta a cusa mata sandar tsohuwar, alhali tsawonsu ba ɗaya ba. A nan sun yi daidai.

Bakaniken ya tambaye ni ko haka ake yi wa kowace otomatik. A'a, kuma nan ne masu gareji ɗaya da ke karɓar kowace mota ke shiga uku. Honda Accord ta waɗannan shekarun sai an kashe inji ake aunawa, cikin daƙiƙa 60 zuwa 90 bayan kashewa, kuma manta daban. Camry mai silinda huɗu ta 1997 zuwa 2001 inji na tafiya ake auna ta kamar wannan, amma ɗakin difarenshal ɗinta a ware yake, da nasa man fiye da lita ɗaya da rabi da nasa notin zubawa, geji ba ya ganinsa sam. Mutum na iya cika giya daidai ya sallami mota difarenshal a bushe. Camry da suka biyo baya kuwa, masu giya shida da man WS, ba su da geji ko kaɗan. Ta ƙasa ake aunawa, a buɗe wani noti a ga ko mai zai ɗigo, kuma sai yana wajen digiri 40, abin da ke buƙatar na'ura. Wanda bai da ita gara ya tura motar gaba.

Abin da ya rage bayan mai ya cika

Jinkirin D ya tafi. Muka nemi kwana muka sha da ɗan gudu, muka taka birki da ƙarfi muka tashi, ba ta saki ba. Giyar lafiyarta lau, ba ta da dalilin komawa Kano. Amma farin tsumman ya nuna wani abu da bai yi mini daɗi ba. Man da bai yi kwana huɗu a mota ba ya kamata ya zama ja garau, wannan kuwa ya soma komawa ruwan ƙasa, da ɗan wari kaɗan, bai kai ƙauri ba.

Na tambaya ko an wanke sashen sanyaya mai na lagireto kafin a haɗa tiyo. Ba a wanke ba. Tsohuwar giyar da ta ƙone, ta nan ta dinga tura baƙin manta da garin faibarta, kuma abin da ya maƙale a ciki sabuwar ce ta shanye shi a tashin farko. Wani ɓangare na duhun daga nan yake, wani daga tsohon man da ya zo a kwanbata, wani kuma ba mamaki daga sulɓewar ranar Alhamis. Ba yadda za a raba su da ido.

Muka koma gareji aka hau rami. Aka cire tiyo biyun daga jikin giya, aka tura sabon mai ta cikinsu ta baya, aka bi da iska a hankali har abin da ke fitowa ya yi ja. Aka tsiyaye kasko a cikin jarka mai alamar lita don a san abin da ya fita, aka kwance shi. Maganaɗisun da ke ciki na da laushin baƙin gari, irin wanda ba a rasawa a giyar da ta yi aiki, amma ba ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ba ɓawon faiba a rariya. Aka wanke, aka sa sabon gasket, aka zuba sabon mai daidai adadin da ya fita. Sannan aka sake komai daga farko: siminti, silo, P zuwa L, COOL, kwalta, HOT. Wannan karon bakaniken ne ya yi da hannunsa, yaron na riƙe da gorar awo. Kafin a tashi na sa aka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana a kai, don sil ɗin shaf na giyar da ta daɗe a ajiye kan bushe ya fara ɗiga bayan an ɗora. Da safe aka aiko mini cewa kwalin a bushe yake.

Abu ɗaya bai gyaru a ƙauye ba. Tsakanin giya ta biyu da ta uku tana ɗan jan ƙafa kafin ta shiga. Ƙwaƙwalwar wannan motar tana riƙe halin giyar da ta saba da ita, kuma Toyota ta ce in an canja giya a goge wannan da na'ura don ta koyi sabuwar. Da ƙanin Alhajin ya shiga Kano aka goge, abin ya ragu ƙwarai, sai ɗan kaɗan da wanda ya san motar ne kawai zai ji. Ko wannan ragowar da ita giyar ta zo, ko ta samo ta ne a hanyar Maigatari, sai an buɗe ta za a sani, kuma ba ta kai a buɗe ba.

Rabon asara

A ra'ayina nauyin yana kan gareji, don awo na ƙarshe cikin aikin ɗora giya yake, kamar ɗaure notin taya. Amma na faɗa a gaban kowa cewa wanda ya tsaya a kan bakanike da magariba yana cewa gobe kasuwa, shi ma ya sa hannu, don abin da aka tsallake aikin kusan awa ɗaya ne kuma yana son haske. Alhaji bai ji daɗin wannan ba, ya ce shi kuɗi ya biya a yi masa aiki, ba a koya masa ba. Ƙaninsa ya shiga tsakani: "Yaya, a bar maganar, tunda Allah ya sa giyar ba ta tafi ba."

Aka daidaita a kan bakanike ya yafe kuɗin aikin ranar Asabar ya kuma ɗauki galan ɗaya, Alhaji ya ɗauki sauran man da gasket da kuɗin na'ura. Aka kira mai shago aka shaida masa ba za a dawo da giya ba. Ƙanin ya roƙi a ƙara musu mako ɗaya a kan garantin saboda wannan jan ƙafar, mai shago ya ce giyar da aka kai kasuwa babu lita ɗaya da rabi ba ta da sauran garanti a wurinsa, kuma a nan ban ga laifinsa ba.

Direba aka ɗora wa sauran aikin: har wata guda, duk Alhamis in ya dawo daga Maigatari ya tsaya a kan simintin gidan man, ya ba ta ɗan lokaci in ta sha wuya, ya auna inji na tafiya, ya ɗiga man a farar takarda ya ajiye don a gwada launin mako da mako. In ta kafe a yashi kuma a sassauta iskar taya a tura, a daina jefa ta D da R.